Manhajata tana rikita sautin zuciya na farko da na biyu idan bugun ya yi sauri

Sagir

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamaina da yayyena na wannan zaure a kan aikin da nake yi na kammala digiri. Ina rubuta manhajar da za ta karɓi sautin zuciyar da aka naɗa da abin sauraren ƙirji na lantarki, ta gano sauti na farko da na biyu da kanta ba tare da mutum ya sa mata hannu ba. Da farko ina tace sautin in bar abin da kaifinsa ke tsakanin hatiz 25 da 400 (hatiz shi ne ma'aunin kaifin sauti), sannan in lissafa ƙarfinsa a gutsuren milisakan 20 bi da bi, sai zanen ya fito kamar jerin tuddai. Duk tudun da ya haura wani mizani da na sa, ina ɗaukarsa a matsayin sautin zuciya. Wajen bambance su kuma na dogara da cewa tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu ta fi gajarta a kan tazarar da ke tsakanin na biyu da na farkon da ke biye.

A sautin manya aikin yana tafiya daidai. Da na gwada shi a sautin yara sai komai ya dagule. A wani faifai da zuciyar ke bugawa kusan sau 140 a minti, manhajar ta mai da na farko na biyu tun daga farkon faifan har ƙarshensa, a wani kuma ta ƙirga tuddai uku a kowane bugu. Na yi kwana huɗu ina ɗaga mizanin ina sauke shi, idan na gyara wannan faifai sai wancan ya lalace. Don Allah ina ne kuskurena?

Injiniya Bala

Wa alaikumus salam, Sagir. Ka daina wahalar da kanka da mizanin nan, domin ba a wurinsa matsalar take ba. Hanyar da ka bi tsohuwa ce kuma sananniya. A 1997 Liang da abokan aikinsa a ƙasar Finland suka wallafa irinta, inda suka yi amfani da lissafin da ake kira ƙarfin Shannon, wanda yake ɗaga sauti matsakaici ya danne ƙaramar hayaniya, kuma ya rage wa mai ƙarfi sosai fifiko. Tana aiki a zuciyar babba da ke kwance cikin natsuwa, kamar yadda ka gani da idonka.

Inda take karyewa shi ne zaton da ka gina ta a kansa. Idan zuciya tana bugawa sau 75 a minti, kowane zagaye yana ɗaukar milisakan 800, matsewa ta ci kusan 300, sakewa da cikowa su ci kusan 500, don haka bambancin a fili yake. Amma idan bugun ya yi sauri, lokacin sakewar ne yake raguwa sosai, na matsewar kuwa kaɗan yake taɓuwa. A bugu 140 zagayen duka bai wuce milisakan 430 ba, tazarar biyu sun zo kusan daidai, wani lokaci ma ta sakewar ta fi gajarta. Manhajarka ta bi umarninka ne sak, umarnin ne bai dace da zuciyar yaro ba.

Shawarata ita ce ka bar farautar tuddai ɗaya bayan ɗaya, ka dubi zagayen a matsayin matakai huɗu da ba sa tsallake juna: sauti na farko, matsewa, sauti na biyu, sakewa. Schmidt da abokansa a Denmark sun yi haka a 2010 da tsarin Markov, wato lissafin yiwuwar wucewa daga wani mataki zuwa na gaba, mai lura da tsawon lokacin da kowane mataki ke ɗauka, sannan Springer da Tarassenko da Clifford suka inganta shi a aikin da aka wallafa a 2016, suka samu dacewa sama da kashi 95 cikin ɗari a faifan da tsarin bai taɓa gani ba. Hikimar ita ce tsarin ba ya yanke hukunci a kan tudu shi kaɗai. Yana duba faifan gaba ɗaya ya nemi jerin matakan da ya fi yiwuwa, yana sane da cewa sauti na farko yakan ɗauki kusan milisakan 120, na biyu kusan 90, kuma ba a jin na farko sau biyu a jere. Tudun da ya faɗo inda bai kamata ba sai a bar shi cikin matakin da ya faɗa.

Dakta Hadiza

Injiniya, kun gama da ɓangaren lissafi, bari in ƙara abin da ke faruwa a cikin ƙirjin. Sagir, kada ka yi saurin kiran tudu na ukun nan hayaniya, domin mai yiwuwa sautin zuciya ne na gaske. Sauti na farko yana zuwa ne lokacin da bawuloli biyu da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa suka rufe, na biyu kuma lokacin da bawulolin manyan hanyoyin jini biyu suka rufe, wato wadda ke kai jini jiki da wadda ke kai shi huhu. Akwai sauti na uku, mai kauri kuma maras ƙarfi, da ke zuwa jim kaɗan bayan na biyu yayin da jini ke kwarara da sauri cikin ɗakin ƙasa. A yaro ko matashi ko mai ciki sau da yawa ba ciwo ba ne. A dattijo kuwa yana iya zama alamar gazawar zuciya, don haka sauti guda yana da fassara biyu dangane da shekarun mai shi.

Abu na biyu da zai iya ba ka tudu na uku shi ne rabuwar sauti na biyu. Bawulolin nan biyu ba sa rufewa a lokaci ɗaya sak, kuma idan mutum ya shaƙi iska, na huhun yakan ɗan jinkirta, sai a ji sautin ya tsage gida biyu, idan ya fitar da iskar ya sake haɗewa. Wannan lafiya ce. Idan tsagewar ta tsaya a yadda take ko da numfashi ya shiga ko ya fita, a nan ne muke tunanin rami a bangon da ke tsakanin ɗakunan sama.

Kuma ka sani cewa mu ma da muke sauraro kullum, idan zuciyar jariri tana gudu, kunne kaɗai ba ya raba mana na farko da na biyu. Nakan ɗora yatsa a jijiyar wuya ko ta damtse, sautin da ya zo tare da harbin jijiyar shi ne na farko. Idan na'urarka za ta iya ɗaukar awon lantarkin zuciya, wato ECG, tare da sautin, ko da na waya ɗaya ne, ka huta da rabin wahalar, domin sauti na farko yana biyo bayan babban tsinin nan na ECG nan take, na biyu kuma yana zuwa kusa da ƙarshen tudun da ke biyo bayan tsinin, wanda ake kira T.

Sagir

Na gode ƙwarai, Dakta. Na koma na saurari faifan mai tuddai uku da abin sawa a kunne, na rage saurinsa, kuma lallai tudun yana zuwa ne bayan na biyu, da kauri kamar an buga ganga daga nesa. Ba ni da ECG a bayanan da nake amfani da su, sai dai zan gwada tsarin da Injiniya ya ambata.

Nafisa

Da izinin manya, ina da tambayar da za ta iya zama kamar ta kauce, amma ina ganin ita ce tushe. Me ya sa sai mun raba sautin gida huɗu? Abin da muke so a ƙarshe shi ne na'ura ta ce wannan zuciya lafiya take ko kuwa a kai mai ita wurin likita. A yau ana mai da sautin hoto, lokaci a kwance, kaifin sauti a tsaye, ƙarfi kuma ya zama launi, sai a miƙa hoton ga tsarin koyo mai zurfi, wato manhajar da ke koyo daga ɗimbin misalai, ya nemo wa kansa alamomin. Wasu kuma suna ciro siffofin MFCC, wato lambobin da ke taƙaita yanayin kaifin sauti, da aka aro daga fannin gane maganar mutum. Idan aka yi haka ba a bukatar sanin inda sauti na farko yake, kuma kuskuren rabawa ba zai gangaro ya ɓata hukuncin ƙarshe ba.

A gasar PhysioNet ta 2016, wadda aka yi a kan manhajojin tantance sautin zuciya, an ba masu bincike faifai sama da 3,000 don horarwa, an daidaita su duka a kan samfur 2,000 a sakan, tsawonsu daga sakan biyar zuwa kusan minti biyu. Tawagar da ta zo ta ɗaya, Potes da abokansa, ta samu maki kusan 0.86 cikin 1, kuma tsarin koyo mai zurfi yana cikin abin da ta yi amfani da shi. Ina tsoron kada Sagir ya ƙare watanninsa yana goge matakin da fannin ya fara wucewa.

Injiniya Bala

Nafisa, misalin da kika kawo nawa ne, ba naki ba. Tawagar Potes ta fara ne da raba sautin da tsarin Springer ɗin nan, sannan ta ciro siffofi 124 daga matakan ta ba wani tsarin, ta kuma yanka faifan zagaye-zagaye, ta raba kowane zagaye zuwa zango huɗu na kaifin sauti kafin ta ba tsarin mai zurfi. Hukuncin ƙarshe haɗin biyun ne. Wato har wanda ya ci gasar bai tsallake rabawa ba.

Ban ƙi koyo mai zurfi ba, ni ma ina amfani da shi. Abin da nake tsoro shi ne abin da tsarin yake koya idan ba a nuna masa inda zai duba ba. Bayanan 2016 an tattaro su ne daga cibiyoyi daban-daban, da na'urori daban-daban, kuma yawan marasa lafiya a kowane rukuni ba ɗaya ba ne. Kowace na'ura tana da irin muryarta, kamar yadda kike gane rediyon da kika saba da shi ko daga bayan ƙofa. Idan yawancin faifan wata na'ura na masu lafiya ne, tsarin zai iya gane muryar na'urar ya ce lafiya, ya ci maki mai yawa, alhali bai saurari zuciyar ba ko sau ɗaya. Ranar da aka kai shi inda ake amfani da wata na'urar sai asirinsa ya tonu.

Nafisa

Gaskiya ne, Injiniya, na manta cewa sun yi rabawar, kuma na karɓi gyara. Maganar muryar na'ura kuwa na ɗanɗana irinta. Na taɓa yanka faifai gutsure-gutsure na sakan uku don in ƙara yawan bayanai, na cakuɗa su, na ware na horarwa da na gwaji. Sakamakon ya yi kyau har na fara rubuta rahoto. Sai wata abokiyar aikina ta tambaye ni ko na tabbata babu mutum ɗaya da ya faɗa ɓangarorin biyu. Ban tabbata ba, kuma da na duba sai na tarar kusan kowane mutum yana nan yana can. Tsarin ya haddace ƙirjin mutanen ne kawai. Da na sake rabawa ta yadda duk gutsuren mutum ɗaya za su zauna a gefe ɗaya, makin ya faɗo warwas, na kwana biyu ina jin nauyin abin. Sagir, ko wace hanya ka bi, ka raba bayananka bisa mutane, kada ka raba su bisa faifai.

Duk da haka ban janye duka ba. A faifan da sautin shuu na hargitsewar jini ya yi ƙarfi har ya binne na farko da na biyu, ko bugun da ba shi da tsari kamar na masu karkarwar ɗakunan sama, tsarin Markov ma yana tuntuɓe, domin yana ƙiyasta tsawon zagaye ne ta hanyar kwatanta faifan da kansa bayan an ɗan zame shi, kuma wannan yana bukatar bugun ya riƙa maimaita kansa. Abin damuwar shi ne waɗannan su ne marasa lafiyar da muka fi son kamawa. Shi ya sa wasu yanzu suke sa tsarin mai zurfi ya ba da yiwuwar kowane mataki, sannan Markov ya jera su, maimakon a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya.

Dakta Hadiza

Ni ba zan iya raba gardamarku ta lissafi ba, amma zan gaya muku abin da nake bukata idan za a miƙo mini sakamakon na'ura. A wurinmu lokacin da sauti ya zo shi ne rabin ganewa. Sautin shuu, wanda jini ke yi idan ya hargitse wajen ratsa ƙuntatacciyar ƙofa ko komawa baya ta bawul mai yoyo, ba a fassara shi sai an san matakin da ya faɗa. Idan ya zo lokacin matsewa, ya taso ya kai ƙololuwa ya sauka, kuma ya fi ƙarfi a dama da ƙashin ƙirji tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku, muna tunanin ƙuncin bawul ɗin babbar jijiya. Idan ya cika lokacin matsewa daga farko har ƙarshe da ƙarfi ɗaya, ya fi fitowa a ƙasan nonon hagu yana tafiya hammata, muna tunanin yoyon bawul ɗin mitral, wanda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa na hagu. Yara da yawa suna da shuu mai laushi na lokacin matsewa wanda ba komai ba ne, likitan Ingila George Still ya bayyana irinsa tun 1909. Amma shuu na lokacin sakewa ba ma barinsa ya wuce ba bincike. Na'urar da za ta ce mini akwai matsala kawai, ba ta nuna mini matakin ba, ba ta rage mini aiki ba, kuma ba ni da hanyar duba ko ta yi daidai.

Sagir, akwai abu ɗaya a saƙonka na farko da ya tsaya mini a rai, wato yankewar da ka yi a hatiz 400. Don neman sauti na farko da na biyu ya isa, tunda yawancin ƙarfinsu yana ƙasa da 150. Amma yoyon bawul ɗin babbar jijiya yana da shuu siriri mai kaifi kamar an hura iska a hankali, kuma wani sashensa yana iya haura inda ka yanke. A ɗaya gefen kuma gurnanin ƙuncin mitral da sauti na uku da na huɗu, wanda ke zuwa dab kafin na farko, suna can ƙasa sosai, inda kunnen mutum ma da ƙyar yake ji. Kada ka tace da rariya ɗaya don ayyuka biyu.

Sai maganar da ta fi damuna, wadda ba na jin injiniyoyi suna yawan yinta. Wa ya gaya wa na'urar amsar da ta koya? Idan kunnen likita ne, to ta gaji rauninsa. A 1997 Mangione da Nieman sun gwada likitoci masu neman ƙwarewa a Amurka da sautukan zuciya da aka naɗa, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar kawai suke ganewa daidai. A 2007 Marijon da abokansa sun duba 'yan makaranta a Kambodiya da Mozambik suna neman ciwon bawul da ke biyo bayan zazzaɓin rumatik. Da awon asibiti aka samu kusan yara 2 cikin 1,000 a kowace ƙasa, da hoton zuciya na eko kuwa aka samu kusan 21 a Kambodiya da 30 a Mozambik. A ƙiyasin 2019 wannan ciwo yana kan mutane kusan miliyan 40 a duniya, kuma ya kashe sama da 300,000 a shekarar, don haka ba ƙaramin abu nake magana a kai ba. Idan ana so na'ura ta wuce kunnena, dole a horar da ita da abin da eko ya nuna, kuma ko da an yi haka akwai ciwon da bai kai ga yin sautin da za a ji ba.

Malam Isyaku

Ranku ya daɗe, ni ma'aikacin jinya ne, kuma na taɓa naɗar irin waɗannan faifai na wani aikin bincike, don haka ku ba ni dama in faɗi abin da ke faruwa kafin sautin ya iso kwamfutocinku. Kuna magana kamar faifan yana zuwa da tsabta, alhali yaro yana kuka, uwarsa tana rarrashinsa, fanka tana juyawa, cikinsa yana ƙugi, numfashinsa kuma yana kan sautin zuciyar. Idan yatsana ya ɗan zame a kan na'urar, ƙarar da za ta shiga ta ninka bugun zuciyar nesa ba kusa ba. Gashin ƙirjin babba yana yin ƙas-ƙas a duk numfashi, riga ma haka. Yadda na danna ma yana sauya abin da ake ji: idan na danna da ƙarfi fata tana miƙewa, sautuka masu kauri su ɓace, idan na sassauta kuma iska ta shiga ta gefe.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne manhajar da muka yi aiki da ita ba ta taɓa ƙin ba da amsa ba. Wata rana na ɗora na'urar a kan ƙirjin yarinya, ta fizge, rabin faifan ƙarar hannunta ne, amma manhajar ta ba da sakamako da cikakken tabbaci. Ni na san faifan banza ne domin ina wurin. Wanda zai karanta rahoton daga baya bai sani ba. Roƙona gare ku masu rubuta waɗannan abubuwa shi ne ku koya musu cewa "ban ji da kyau ba, a sake naɗa," kuma su faɗa nan take yayin da mara lafiyar yake gabana, ba bayan ya tafi ba.

Injiniya Bala

Malam Isyaku, Allah ya saka da alheri, kun faɗi abin da ya fi duk abin da na rubuta a sama amfani. Masu shirya gasar PhysioNet ma sun gane haka. A 2016 an yarda tsari ya ce bai tabbata ba idan faifan ya lalace, a 2022 kuma, da aka yi amfani da bayanan CirCor na yara da matasa 1,568 daga arewa maso gabashin Brazil, faifai sama da 5,000 daga gurabe daban-daban na ƙirji, amsoshin uku ne: akwai shuu, babu shuu, ba a sani ba. Sagir, waɗannan bayanan na yara ne kuma an yi musu alamar matakai, su ya kamata ka nema.

Auna ingancin faifai ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Kwatancen nan da Nafisa ta ambata, na faifai da kansa, idan bugun yana fitowa sarai zai ba da tudu bayyananne a tsawon zagaye ɗaya, idan hayaniya ta yi yawa tudun zai baje. Ana iya duba ko sautin ya cika ma'auni har ya yanke a sama, da kuma yawan tsinin gogayya. Schmidt yana da hanya mai sauƙi ta cire irin wannan tsini: a raba faifan rabin sakan-rabin sakan, duk gutsuren da ƙololuwarsa ta ninka matsakaicin sauran sau uku a share tsinin. Wahalar ita ce yawancin hayaniyar tana zaune a zango ɗaya da sautin zuciya. Ƙugin wutar lantarki yana hatiz 50 ko 60, a tsakiyar sauti na farko ke nan, numfashi da murya kuma suna kan zangon shuu. Rariya ba ta raba abin da girmansa ɗaya, shi ya sa wasu na'urori suke da makirfo na biyu da ke sauraren ɗakin don a debe abin da ya ji.

Wanda yake tunanin naɗa da wayar hannu kuma ya kiyaye. An ƙera hanyar sautin waya ne don magana, tana rage sautuka masu kauri, tana da mai danne hayaniya da mai daidaita ƙarfi da kansa, kuma manhajojin aika saƙo suna matse faifai su zubar da abin da suke ganin kunne ba ya bukata. A ajiye sautin ɗanye yadda ya fito.

Nafisa

Zan ƙara lissafi ɗaya a kan maganar Dakta, domin makin gasa yana ruɗar mutane. A ce muna da tsarin da ke kama marasa lafiya 90 cikin 100, yana kuma wanke masu lafiya 80 cikin 100, wanda bai yi nisa da abin da tawagar Potes ta samu ba. A kai shi inda mutum 10 cikin 1,000 ne ke da ciwon. Zai kama 9 daga cikin goman, amma zai kuma tuhumi 198 daga cikin lafiyayyu 990. Wato mutum 207 za a tura eko, 9 kawai daga cikinsu ke da ciwo, sauran iyaye ne da aka tayar wa hankali da layin da aka tsawaita wa mai bukata ta gaske. Na'urorin sauraren ƙirji irin na wani kamfani mai suna Eko, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da manhajarsu ta gano shuu a 2020, an yi su ne don su taimaka wa ma'aikacin lafiya ya yanke shawara, hukuncin yana hannunsa. Inda za a sa mizanin tsakanin kamawa da wankewa ba injiniya kaɗai zai zaɓa ba.

Dakta Hadiza

Haka ne, Nafisa, kuma idan aka tambaye ni, a yara zan yarda da ƙarin tuhuma a kan a saki mai ciwo, muddin akwai mataki na biyu mai sauƙi kafin eko, ko da sake naɗa ne a zaune da kwance. Shuu maras illa na Still yakan ragu idan yaro ya miƙe tsaye, kuma wannan bayani ne da babu tsarin da zai same shi daga faifai ɗaya.

Sagir

Na dawo da rahoto bayan kwana shida. Na sauke bayanan CirCor, na sa tsarin matakai huɗu, kuma faifan nan mai bugu 140 ya rabu daidai, tudu na ukun ma ya zauna cikin lokacin sakewa bai dame shi ba. Sai da na sauya abu ɗaya: tsarin yana neman tsawon zagaye ne tsakanin rabin sakan da sakan biyu, wato bugun da bai wuce 120 ba, don haka a jarirai yana ɗaukar zagaye biyu a matsayin ɗaya. Da na sauko da iyakar sai ya gyaru. Na kuma raba rariyar gida biyu kamar yadda Dakta ta ce, na raba bayanan bisa mutane kamar yadda Yaya Nafisa ta gargaɗe ni.

Saura matsala ɗaya. Na sa ma'aunin inganci na Injiniya, yana ƙin faifan kuka da na gogayya yadda ya kamata, amma na lura yana ƙin wasu faifai masu shuu mai ƙarfi, domin shuu ɗin yana baje tudun kamar yadda hayaniya ke yi.

Injiniya Bala

Wannan ita ce matsalar da ya kamata ka rubuta babi guda a kanta, domin ma'aunin da ke korar marasa lafiya ya fi rashin ma'auni haɗari. Bambancin da za ka kama shi ne shuu yana dawowa a gurbi ɗaya na kowane zagaye, kuka da gogayya kuwa ba ruwansu da zagaye. Ka yanka faifan bisa rabawar da ka samu, ka jera zagayen a kan juna daga sauti na farko, ka auna yadda suke kama da juna a zangon sama da hatiz 150. Idan sun yi kama, shuu ne, ka bar faifan ya wuce. Ka ware faifai talatin da ma'aunin ya ƙi, ka turo su nan ba tare da alamarsu ba, mu roƙi Dakta da Malam Isyaku su saurara su faɗi wanne ne hayaniya wanne ne zuciya, sannan ka kwatanta da abin da sabon ma'aunin ya ce.

Malam Isyaku

Ka turo su, Sagir, amma ka rubuta gurbin ƙirjin da aka ɗauki kowanne da shekarun yaron, kuma kada ka daidaita ƙarfinsu kafin ka turo. Ina so in ji su yadda suka fito daga na'urar.